Sanyin da Aka Kunna wa Hawainiya

A gidanmu na unguwar Khalidiyya a Madina, mukayyif ɗaya ake kunnawa da rana. Na'urar sanyaya ɗakin biyu ce, ɗaya a falo ɗaya a ɗakin Baba, amma ginin tsoho ne, wayoyinsa sun girme ni, kuma mu ne a hawa na ƙarshe inda rana ke zama a kan rufi tun hantsi. In aka kunna biyun tare da firji, kafin azahar wuta ta yanke, sai an fita bakin ƙofa an ɗaga makunnin da ke cikin akwati. Mai ginin ya sha cewa zai gyara, kuma har yau yana faɗa.

Wannan bai taɓa damun Baba ba, don ko da wayoyin sababbi ne ba zai bari a kunna biyu ba. Tela ne, daga Chadi ya zo aikin hajji da ƙuruciyarsa, ya zauna, ya ƙarar da ƙarfinsa a kan keken ɗinki. Tun ina yarinya na san shi da bin ɗakuna yana kashe fitila. Kana cikin banɗaki ma yakan kashe maka, sai ka yi gyaran murya. Kalmarsa ɗaya ce, israfi, kuma ba maganar kuɗin wuta yake yi ba. Ko wani ne zai biya, shi dai bai ga dalilin da abu zai ci wuta babu mai buƙatarsa ba. Bayan rasuwar mijina, da gwiwoyinsa suka fara ba shi wahala, sai ya dawo wurina da zama. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, ko da faɗa zai yi.

Hawainiyoyin da ke gidan na 'yata ne. Guda biyu ta sayo tun tana makaranta, irin na duwatsun kudu masu tozo a ka kamar an kafa musu hula. A falo ta ajiye su, cikin wani dogon keji na raga mai ɗan itace a tukunya. Da ta yi aure za a kai ta Khaibar, mijin ya ce duk abin da ta mallaka ta taho da shi, ban da waɗannan. Ranar tafiya ta tsaya a ƙofar ɗakin kakanta tana dariya, ta ce, "Jaddi, amana. Na bar maka su."

Da Larabci take magana, shi kuma da Hausa yake amsa mata, haka suke tun tana tatata. Ya ce, "Na karɓa, amarya. Tunda kin guje ni kin bi yaro, ai sai ki bar mini aiki."

Wasan kaka da jika ne, kowa ya yi dariya. Ni kaɗai na san cewa in Baba ya ce ya karɓa, to ya karɓa.

Hidimar kuwa a kaina ta faɗo. Ba sa shan ruwa a kwano, sai an fesa wa ganye su lashi ɗigon. Ba sa cin abin da ba ya motsi, don haka na koyi sayen gyare mai rai a shagon masu tsuntsaye, ni da na girma ina share gyare da tsintsiya. Ba sa son ganin juna, shi ya sa aka raba kejin da katako a tsakiya. A sama akwai fitila biyu, ƙarama ta ɗumi da doguwa mai maye musu hasken rana, wadda in babu ita ƙashinsu ke yin laushi. Sannan zafi mai yawa yana kashe su. Na ce wa yarinyar dabbar jeji ce fa, ta ce jejinsu dutse ne mai raɓa, ba Madina ba.

Ban ƙi su ba, ban kuma ce ina son su ba. Babbar takan ɗauki rabin safiya kafin ta sauya reshe, tana ɗaga ƙafa tana mayarwa kamar mai shawara. Ƙaramar ta fi zafin rai, in na kai hannu sai ta kumbura ta yi duhu. Ido ɗaya na kallona ɗaya na kallon gyare, haka muke gaisawa kullum.

Baba kuwa tun da ya zo gidan bai taka falon ba. A ƙauyensu an ce in hawainiya ta hura wa mutum iska fatarsa za ta yi dabbare-dabbare. Na ce masa shi da ya yi karatu ai ya san babu wannan a littafi.

Ya ce, "Na san babu, Uwata. Ni na sani, jikina ne bai sani ba."

Lokacin sanyi wannan bai zama matsala ba. Yana ɗakinsa, suna falo, ina kai masa abinci. Abin da ya tsaya masa a rai fitilun ne. Daga lungun da ya raba ɗakunan yana hango haskensu ta ƙasan ƙofa, ya yi ta mita: fitila da rana tsaka, a garin da rana ta yi wa mutane yawa. Don a zauna lafiya na fara neman dabara. Da gari ya fara ɗumi na kashe ƙaramar gaba ɗaya. Doguwar kuma na tambayi yarinyar ko hasken taga zai wadatar, ta ce gilashi yana tare abin da suke buƙata, sai dai rana kai tsaye. Sai na samo kwandon raga mai murfi, da sassafe in ɗora su a reshe in hau da su sutuh, wato rufin gidan, su sha rana mai taushi kafin ta yi ƙarfi, in sauko da su. Ranar da na yi haka ba na kunna fitila. Na manna takardar azurfa a gilashin tagogi, na rataya tsohon bargo a kai. Girki na mayar da shi safiya, tukunya ɗaya ta wuni. Ragar mukayyif ina cire ta in wanke ƙurar, don in ta toshe ya fi jan wuta. Baba yana lura da duk wannan daga nesa, yana gyaɗa kai.

Sai bazara ta shigo. Wanda bai yi ta a hawan ƙarshe a Madina ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ruwan famfo ba ya taɓuwa da azahar, bango kuma in ka jingina sai ka janye. Shekarun baya Baba a Harami yake wuni, ya sha sanyi ya yi sallolinsa ya dawo. Yanzu matakala ta fi ƙarfinsa, ginin kuma ba shi da na'urar hawa. Ɗaki ɗaya ne zai yi sanyi da rana, kuma masu buƙatarsa ba sa zama wuri ɗaya.

Na fara da abin da kowa zai fara. Na ja kejin zuwa ɗakina, na kunna musu fanka, na kunna wa Baba mukayyif ɗinsa. Kafin la'asar duka biyun sun sauko ƙasan keji, launinsu ya koɗe, bakinsu a buɗe. Ina ta fesa musu ruwa ina salati, sai na ji mukayyif ɗin Baba ya yi shiru.

Ya ɗaga murya daga ɗakinsa, "Mayar da su. Ba za a ce abin jikata ya mutu ina kwance ina shan sanyi ba."

Na ce to ya zo falon, in rataya labule tsakaninsa da su. Ya ce labule ba ya tare iska. Na ce a raba, su yi rabin yini shi ya yi rabi. Ya yarda da baki, amma ina juya baya sai ya kashe nasa, ya ce in kunna musu. Na ce a mayar wa yarinyar da kayanta, ya ce so nake in kashe mata aure. Ba zai zauna da su ba, ba zai bari su mutu ba, ba za a kuma kunna biyu ba ko wayoyi sun yarda. Ya ce shi ɗan zafi ne, a zafi aka haife shi, fanka ta ishe shi. Mutumin da ya ba wa saba'in baya da nisa ke nan.

Bayan 'yan kwanaki na ga ya ɗauko tabarmarsa ya shimfiɗa a lungun nan, dab da ƙofar falo. Ya ce a nan ya fi ganin rubutun Alƙur'aninsa. Lungun ba shi da taga, amma ban tsaya tunani ba, na ɗauka rigimar tsufa ce. A nan yake wuni, bayansa a jikin ƙofa.

Ina nan ina ƙara neman inda wuta ke zurarewa, sai na lura ƙasan ƙofar falon akwai rata, sanyi na fita ta nan. Na naɗe tsohon tawul na toshe. Baba ya duba, ya ce madalla, yanzu na fara hankali. Amma bai ɗauke tabarmarsa daga wurin ba.

Sana'ata ƙunshi ce, ina bin gidajen biki, kuma bazara lokacin aure ne. Wata rana na dawo bayan la'asar na same shi a kwance a lungun, ba kwanciyar barci ba. Na yi masa magana, ya amsa da abin da ban gane ba, yana kiran wani wanda ya rasu tun ban yi wayo ba. Jikinsa zafi rau, babu ko ɗigon gumi. Na kira ƙanena, wanda ke kula da ban-ruwa a wata gonar dabino a Awali. Kafin ya iso na ja Baba da tabarmarsa zuwa cikin falo, na jiƙa zani na lulluɓa masa. Ranar ce ya fara shiga ɗakin, kuma bai san ya shiga ba. A asibiti aka ƙara masa ruwa, likita ya ce zafi ne, ya ce in ya sake faruwa ba lallai a yi wannan sa'ar ba.

Ina zaune a gefen gadon na gane abin da tawul ɗin ya toshe. Ɗan sanyin da ke fita ta ƙasan ƙofa shi yake riƙe da shi, kuma ya gwammace ya yaba mini da ya faɗa.

Tun daga asibitin na kira yarinyar. Na gaya mata abin da ya faru da abin da zan yi da hawainiyoyinta. Ta ce, "Tayyib, Ummi," wato ta yarda. Ƙanena ya zo da mota ya ɗauki kejin. Ya ce akwai inuwa mai kyau a gonar, gefen tankin ruwa, ƙarƙashin dabino da lemun tsami, kuma ƙasar wurin kullum a jiƙe take. Na ba shi kwalbar feshi da sauran gyaren, na yi masa bayani har ya gaji da ni.

Da Baba ya dawo na gaya masa. Ya tambaya ko mai su ta yarda, na ce ta yarda. Ya shiga falon a hankali yana duba kusurwoyi, ya kwanta. Na ce a raina shi ke nan, an gama.

Washegari na fita aiki na dawo na tarar da mukayyif a kashe, fanka na kaɗa iska mai zafi, shi kuma yana zaune yana jan carbi, rigarsa a manne da jiki.

Na ce, "Baba, me ya faru da shi?"

Ya ce, "Lafiyarsa ƙalau. Ni na kashe."

"Ba ka ji abin da likita ya ce ba?"

"Na ji. Amma wannan ƙaton abu, yini guda, don mutum ɗaya yana zaune ba ya aikin komai? Da can amana ce ake kunna wa. Yanzu wa ake kunna wa?"

Na ce shi. Ya dube ni kamar na faɗi abin kunya, ya ce shi ba hawainiya ba ne.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi masa maganar da ban taɓa yi masa ba, shi kuwa ko a jikinsa. Na liƙe makunnin da salatif, ya zare filogi daga bango. Ƙanena ya zo ya yi masa nasiha da aya da hadisi, Baba ya gyara masa karatun. In ina gida yakan bari a kunna, wai don ni, amma ina sa ƙafa a matakala nake jin ƙarar ta tsaya. Na ƙi karɓar aiki na 'yan kwanaki, ya ce in ba zan fita neman halal ba shi zai koma ɗakinsa ya rufe. Duk inda na je ƙunshi hannuna na kan ƙafar amarya, hankalina na kan mutumin da zan tarar ko ba zan tarar ba. Tsoro nake ji, kuma na gaji da jin sa.

Da hawainiyoyin na nan aƙalla akwai sanyi a gidan. Ba shiri na kira ƙanena na ce ya dawo da su.

Ya yi ta kame-kame, sannan ya ce, "Yaya, wallahi tausayi suka ba ni. Na ga sun yi lamo a cikin raga ga itatuwa ko'ina, sai na buɗe na ɗora su a kan lemun tsami su ɗan sha iska. Na je na rufe ruwa na dawo, ban gan su ba."

Na je Awali da kaina. Muka bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ni da shi, muna ɗaga ganye. Neman hawainiya a cikin ganye aikin banza ne, na sani, amma na yi. Ban san ko sun rayu ba, kuma ba na zaton sun rayu. Abin ya yi mini zafi fiye da yadda na zata, musamman babbar, da na saba da jinkirinta. Na biya shagon masu tsuntsaye, suka ce ba a kawo su da zafi, sai gari ya yi sanyi.

Kejin na nan gefen tanki, itacen cikinsa ya ƙara ganye saboda ruwan gona. Na tsaya ina dubansa. Ko suna ciki ma ba kowa ke ganin su ba, balle wanda bai taɓa yarda ya kalla ba. Na ce wa ƙanena ya sa shi a mota.

Muka hau da shi a lulluɓe da zani. Baba na jin motsinmu ya tattara tabarmarsa ya fito lungu. Ya tambaya me ya dawo da su, na ce gonar ba ta karɓe su ba.

Ya ce, "Ai na faɗa. To kunna musu, kin tsaya kallona."

Na kunna. Na cire tawul ɗin, na bar ƙofar a buɗe kamar faɗin tafin hannu, na ce mai su ta ce suna buƙatar iska na wucewa. Ya ce israfi ne, amma tunda ita ta ce, ba shi da ta cewa. Ya jingina a wurinsa na da. Kullum ina ƙara buɗe ƙofar kaɗan, bai hana ni ba.

Haka na ci gaba da hidimar keji babu kowa ciki. Safe da yamma ina fesa wa ganye ruwa. Da sassafe ina hawa sutuh da kwando, in zauna ni kaɗai in sauko. Gyare ma sai da na sayo, don kukansu ya zama sautin gidan, in ya ɗauke Baba zai tambaya. Tunda babu mai cin su, sai na koma ba su ɓawon kokwamba, na zama mai kiwon gyare. Yarinyar na gaya mata gaskiya, ta yi kukanta, sannan ta tambayi jikin kakanta. In ta kira ya karɓi wayar yakan ce mata, "Amanarki na nan lafiya, amarya." Sai ta yi masa addu'a da Larabci a gurguje ta ce a ba ni. Wannan ne kawai ke hana ni sakewa, don ban saba jin Baba ya faɗi abin da ba haka yake ba, kuma ni na sa shi.

Jikinsa ya yi kyau. Ya koma cin abinci, ya koma mitar fitilar banɗaki. Na sa a raina in Allah ya kai mu sanyi zan san abin da zan gaya masa.

Wata yamma ina tsaye gaban kejin ina feshi, na ji muryarsa daga bakin ƙofa.

"Uwata, ya isa haka. Ruwa ma ba a ɓarnarsa."

Na ce ai sai sun sha.

Ya ce, "Na leƙa. Ran nan da kika fita na ce bari in ga abin da nake wa gadi. Na tsaya har ƙafata ta gaji, na kaɗa ganyen da sanda."

Na riƙe kwalbar ban juyo ba. Jira nake ya ce in kashe mukayyif ɗin.

Ya ce, "Mai su ta sani?"

Na ce ta sani.

Sannan ya ce, "Duk kun zama maƙaryata saboda ni. Ban haife ki don haka ba."

Na ji jan tabarma a ƙasa. Ya shigo da ita a hannu ɗaya, ɗayan yana dafa bango, ya shimfiɗa a tsakiyar falon, ya kwanta a gefensa na dama ya ba ni baya.

Ya ce, "Ki rage masa ƙarfi. Rabi ya ishe ni."